Ƙa'idojin Kayan Kariya a Wasan Takobi da Sanda na Gargajiya: Nazarin Kwatance Dangane da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar nan ta nazarci tambaya guda: idan aka tashi raya wasan takobi da na sanda a matsayin wasan motsa jiki mai ƙa'ida a karkarar Katsina ta kudu, wane kayan kariya ya kamata a wajabta wa 'yan wasa, kuma ta yaya za a tabbatar da ingancinsa? An kwatanta kayan yaƙin ƙasar Hausa, wato lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwa, da ƙa'idojin masu wasan takobi na Turai da Japan, sannan aka auna su da yanayin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Nazarin ya nuna cewa kayan yaƙin gargajiya sun bar fuska da maƙogwaro da yatsu a buɗe, alhali a nan ne wasa ya fi yin ɓarna. Matsayin maƙalar shi ne, duk abin da alƙalin wasa ba zai iya dubawa ya gwada kafin a shiga fage ba, bai kamata a lissafa shi cikin kayan kariya ba.

1.0 Gabatarwa

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina. Biyun farko sun yi iyaka da Zamfara, ta ukun kuma ta dangana da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da shanu, kuma kamar sauran karkarar ƙasar Hausa tana da gadon wasannin jarumta: dambe da kokawa da kaka, sharo a wajen Fulani, wasan 'yan tauri, fitar farauta da rani, da hawan salla na hakimai irin su Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da Sarkin Yamma a Faskari. A da yawa daga cikinsu akwai makami a hannu, ko sanda ko wuƙa ko takobi.

Dalili biyu suka sa batun ya cancanci nazari yanzu. Na farko, duniya ta waiwayi wasannin faɗa na tarihi. Tun shekarun 1990 ƙungiyoyi a Turai da Amurka suke farfaɗo da dabarun takobi daga tsofaffin littattafai, harkar da aka fi sani da HEMA. Hukumar UNESCO ta sanya tahtib, wasan sandar Masar, cikin jerin al'adun gado a 2016, ta sanya hawan daba na Kano a 2024. Dambe ya fito daga dandalin ƙauye ya hau intanet, Legas kuma ta karɓi baƙuncin gasar wasan takobi ta Afirka a 2025. Ba mamaki nan gaba kaɗan a ji masu neman a shirya gasar takobin Hausa, kuma gara ƙa'ida ta riga gasar zuwa.

Dalili na biyu shi ne tsaro. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta fitar da dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na waɗannan ƙananan hukumomi uku. A wuri irin wannan, taron samari riƙe da makamai ba zai sami izini ba sai in daga gani ana iya bambance shi da taron faɗa. Makamin horo da kayan kariya su ne za su nuna wa hakimi da ɗan sanda da iyaye wannan bambanci.

Manufar maƙalar ita ce fito da ma'aunin da za a tantance kayan kariya da shi, da nuna abin da za a iya ɗauka daga kayan yaƙin gargajiya da abin da tilas a samo daga waje.

2.0 Waiwaye Kan Ayyukan Magabata

Ayyukan da suka taɓo batun sun kasu gida uku. Gida na farko shi ne na tarihin yaƙi. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, saboda asarar mutanen da aka yi a yaƙin Umbatu. A. D. H. Bivar, a littafinsa Nigerian Panoply (1964), ya binciki sulkuna da takubban fadojin Arewa, ya bi sawun wasunsu har Masar da Turai. Joseph Smaldone, a Warfare in the Sokoto Caliphate (1977), ya fayyace tsarin runduna da matsayin 'yan lifida a cikinta. Yusufu Bala Usman (1981) ya ba da tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda daga cikinsa ake fahimtar yadda garuruwan kudu irin su Maska da Pauwa suka zauna a bakin iyaka. Dukkansu sun kalli kayan ne da idon mai neman sanin yadda aka ci yaƙi.

Gida na biyu shi ne na al'ada da wasanni. Madauci da Isa da Daura (1968), da Alhassan da abokan aikinsa a Zaman Hausawa (1982), sun bayyana al'adu da sana'o'i da bukukuwa. Edward Powe, a Combat Games of Northern Nigeria (1994), ya mai da hankali kacokan kan dambe da kokawa da sharo da tauri da shanci, wasan da ake yi da ɓaura ta ƙarfe a hannu. Gida na uku shi ne na magani, inda Lewis Wall (1988), wanda ya yi bincikensa a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, da Aliyu Muhammad Bunza a rubuce-rubucensa kan magungunan Hausawa, suka nuna cewa a tunanin Bahaushe magani ya haɗa da abin da ke tsare jiki daga cuta da maƙiyi da ƙarfe.

Giɓin da ya rage a fili yake. Masu tarihi sun bayyana kayan, masu al'ada sun bayyana wasan, amma tambayar ko wannan kaya zai tsare mai wannan wasa ba ta cikin abin da kowane ɓangare ya sa gaba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance, ta amfani da bayanan tarihi da aka ambata, da siffar kayan kamar yadda ake ganin su a hawan salla, da rubutattun ƙa'idojin hukumar wasan takobi ta duniya, FIE, da na gasannin HEMA. An auna kowane kaya da ma'auni uku. Juriyar yanka ita ce yadda kaya ke hana kaifi ratsawa. Juriyar huda ita ce yadda yake hana tsini shiga. Shanye bugu kuwa shi ne yadda yake rage ƙarfin duka kafin ya isa ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Raba su uku yana da muhimmanci, domin kaya yana iya yin fice a ɗaya ya gaza a sauran. An ƙara ma'auni na huɗu, wanda ya shafi gudanarwa, wato dubuwa: ko wani mutum daban, ba mai kayan ba, zai iya tabbatar da ingancinsa kafin wasa.

4.0 Nazari

4.1 Kayan Yaƙin Ƙasar Hausa a Bisa Ma'auni

Lifidi tufa ce mai ruɓi, ana cusa mata audugar rimi ko auduga a ɗinke ta gida-gida, a sa wa doki da mahayi. Ƙarfinsa yana wajen shanye bugu da rage gudun kibiya. Rauninsa nauyi da zafi da saurin kama wuta. Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a harin Konya ta Gobir a 1826, ya bayyana yadda nauyin kayan ya sa sai an taimaka wa mahayi kafin ya hau. Kaya ne na mai zaune bisa sirdi. Mai wasa a ƙasa, wanda ƙafa ce rabin dabararsa, ba zai iya da cikakkensa ba.

Sulke riga ce ta zobban ƙarfe da aka sarƙa. Yana da juriyar yanka sosai, amma ba ya shanye bugu ko kaɗan, shi ya sa ake sa shi bisa tufa mai kauri. Sandar gora za ta karya haƙarƙarin mai sulke ba tare da zobe ɗaya ya motsa ba. Siririn tsini kuma yana iya shiga ƙofar zobe ya ɓalle shi. Ban da haka, sulkunan da suka rage a gidajen sarauta kayan tarihi ne da tsatsa ta taɓa, adana su ya fi dacewa da a kai su fagen duka.

Kwalkwali yana tsare tsakar kai da gefensa, ya bar fuska a buɗe, domin mayaƙi yana bukatar gani da numfashi da jin umarni. Maƙogwaro ba shi da wani abu mai tauri da ke kare shi, sai rawani ko haɓar lifidi. Takobin Hausa da na Buzaye miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, maƙarin hannunsa ɗan gicciye ne kawai, yatsu da bayan hannu suna waje. Heinrich Barth ya lura a Kano a 1851 cewa ruwan takubban da ake sa wa ƙota a birnin daga Solingen ta Jamus ake kawo su, wato ƙarfen da ke hannun mayaƙin Hausa ɗan uwan wanda ke hannun na Turai ne, raunin da yake yi ma iri ɗaya ne.

Abin da ya cike waɗannan giɓoɓi a fagen fama shi ne garkuwa, ta fatar sa ko ɓauna ko giwa, babba kamar kutufani ko ƙarama kamar kunkeli. Sai dai garkuwa kariya ce da ta dogara ga gwanintar mai riƙe da ita. Idan ya makara da ƙiftawar ido, babu ita. A wasa kuwa, makarar ita ce abin da abokin karawa yake nema, domin da ita yake samun maki.

A nan ne asalin bambancin yake. Mayaƙi ya shiga fage ya san rai na iya salwanta, bukatarsa kaya su ƙara masa damar kai wa yamma da rai. Yatsa ɗaya ko ido ɗaya asara ce da ake ɗauka a wannan lissafi, har ta zama abin kirari. Ɗan wasa kuwa zai sha sara a ka da hannu sau da yawa a kowane zaman horo, mako bayan mako, kuma gobe yana da gona ko makaranta. Haɗarin da ake iya jurewa sau ɗaya a shekara ba a iya jure shi idan ana maimaita shi kullum. Saboda haka kayan da suka wadatar a yaƙi suna iya gazawa a wasa, ko da yake wasan ya fi yaƙi sauƙi.

4.2 Yadda Turai da Japan Suka Bi da Matsalar

Ƙa'idojin Turai ba daga ɗakin nazari suka fito ba, gawa ce ta haifar da yawancinsu. A 1559 Sarki Henri na Biyu na Faransa ya rasu bayan tsagin mashin wasa ya shiga ta tagar kwalkwalinsa ya same shi a ido, alhali yana sanye da cikakkun kayan ƙarfe. Ragar fuska ta waya ta bayyana a Faransa wajen 1780, ana danganta ta ga malamin takobi La Boëssière. A Yulin 1982, a gasar duniya da aka yi a Roma, takobin Matthias Behr na Jamus ta Yamma ya karye, guntun ya huda ragar fuskar Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyet, zakaran Olamfik na 1980, ya shiga ta ido har ƙwaƙwalwa. Ya rasu bayan kimanin kwana tara. A mutuwar Henri da ta Smirnov, makamin da ya karye ne ya yi kisa, kuma ta fuska ya shiga.

Bayan mutuwar Smirnov aka ƙarfafa ragar fuska, aka shigo da zaruruwa masu ƙarfi irin su Kevlar cikin tufafin wasa, aka kuma wajabta ƙera ruwan takobi da wani ƙarfe na musamman wanda tsaga ba ta saurin ratsa shi. A yau ma'aunin Turai mai lamba EN 13567 ya kasa kayan mataki biyu. A mataki na ɗaya tufa za ta jure hudar niyuton 350. A mataki na biyu, wanda FIE ke bukata a gasanninta, riga da wando su jure niyuton 800, haɓar da ke rufe wuya a ƙasan ragar fuska kuma ta jure 1600. Niyuton 350 ya yi daidai da nauyin kilo 36 a kan tsini ɗaya, 800 kusan kilo 82, 1600 kuma kusan kilo 163. Ita ragar, wayarta kauri milimita 1 ce, idonta bai wuce milimita 2.1 ba, kuma ana danna mata tsinken gwaji da ƙarfin kilo 12. Idan ya shige, ragar ta faɗi.

Wani abu da masu sayen kaya kan kuskure shi ne, waɗannan lambobi juriyar huda kaɗai suke aunawa. An tsara su ne don takubban Olamfik, waɗanda mafi nauyinsu bai kai giram 770 ba. Masu HEMA, da suka ɗauko dabarunsu daga littattafai irin su rubutun I.33 na wajen 1300 da ke Leeds, da na Fiore dei Liberi na farkon ƙarni na 15, da na Joachim Meyer na 1570, da yawansu suna sara ne da dogon takobi na hannu biyu mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi. Riga mai lamba 800 ba ta hana irin wannan sara karya ƙashin wuya ba. Dole ta sa suka ƙara abin da ma'aunin bai tanada ba: makarin ƙeya, makarin maƙogwaro mai tauri da ake sawa ƙarƙashin riga, safar hannu mai ɓawo, makarin gwiwar hannu da na ƙafa, da na gaba. Suka kuma gyara makamin, suka dakusar da baki, suka naɗe ko suka faɗaɗa tsini, suka sa ruwan ya riƙa lanƙwasa idan an soka. HEMA ba ta da hukuma ɗaya da ke ɗaure kowa, kowace gasa da rubutacciyar ƙa'idarta, amma manyan gasanni irin su Swordfish ta Gothenburg a Suwidin sun haɗu a kan duba kaya kafin wasa da hana barin fata a buɗe.

Darasin Japan ya fi kusa da halin Katsina ta kudu. A farkon ƙarni na 18 malaman takobi irin su Naganuma Kunisato suka inganta horo da takobin gora da kayan kariya na musamman, waɗanda daga baya suka zama tushen wasan kendo. Takobin tsagin gora huɗu ne da aka ɗaure, idan ya sauka tsagogin suna motsi su shanye wani ɓangare na ƙarfin. Kayan jikin kuma auduga ce da aka ɗinke da kauri, da fata, da sandunan ƙarfe a fuska. Sun fara ne da rage haɗarin makami, sannan suka ɗinka kariya daidai da shi, da kayan da ke ƙasarsu. Su ma suna duba gorar kafin wasa, domin tsagin da ya fashe yana iya bi ta tsakanin sandunan fuska.

4.3 Tauri, Sharo da Dambe

Duk wanda zai rubuta ƙa'idar wasan makami a Faskari ko Sabuwa sai ya fuskanci ɗan wasan da zai ce ya sha maganin ƙarfe, ba ya bukatar raga. Maƙalar ba ta shiga muhawarar ko tauri yana ci ko ba ya ci ba, domin ƙa'ida ba ta bukatar a yanke wannan hukunci. Hujjar tana cikin bayanin 'yan taurin kansu. Idan ƙarfe ya kama ɗan tauri, akan ce ya karya sharaɗin magani, ko abokin karawa yana da makarinsa. Ke nan masu abin sun yarda yana iya karyewa, kuma ba a sanin ya karye sai jini ya fito. Abin da ba a gane gazawarsa sai bayan rauni ya faɗi a ma'aunin dubuwa. Ɗan wasa yana iya ɗaura layarsa da gurunsa a ƙarƙashin riga, muddin ba su da ƙarfe ko tsini, amma ba za su zama madadin ragar fuska ba.

Akwai kuma haɗarin jini. Wuƙa ɗaya da ta zaga jikin mutum da yawa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, raunin ƙarfe ko icen da ya taɓa ƙasa kuma ƙofa ce ta cutar sarƙe-haƙora.

Sharo daban yake. Tsirara ƙirji a karɓi bulala ba tare da motsi ba shi ne wasan gaba ɗaya, sa riga kuwa soke shi ne. Ƙa'idarsa sai dai ta koma kan kaurin bulala, da yawan bugu, da haramta wuya da fuska da gefen ƙoda. Bai kamata a haɗa shi a babi ɗaya da wasan da mutum biyu ke kai wa juna sara ba.

Dambe ne ya ba da misalin da ya fi amfani. An san a da wasu kan sa abu mai kaifi, har da garin kwalba, a naɗin hannu, kuma an haramta haka, ana duba hannun ɗan dambe kafin ya shiga. Masu shirya damben zamani sun ƙara rabon nauyi da ajiye ma'aikacin lafiya a gefen fage. Dambe bai rasa 'yan kallo saboda haka ba. Wannan ya nuna cewa duba kaya kafin karawa ba baƙon abu ba ne a dandalin Hausa.

4.4 Zafi, Kuɗi da Masu Sana'a

Kayan HEMA an ɗinka su ne don ɗakunan wasa na ƙasashe masu sanyi. A Katsina ta kudu zafi kan kusanci digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, kuma mutum cikin riga mai kauri da rufaffiyar fuska yana iya faɗuwa saboda zafi kafin sanda ta taɓa shi. Ƙara kauri ba tare da lissafi ba musayar haɗari ne da wani haɗarin. Lokacin da ya dace shi ne daga kaka zuwa hunturu, wanda dama shi ne lokacin wasannin gargajiya, da safe ko bayan la'asar, turmi gajere, da cire raga da shan ruwa tsakanin turmi da turmi. Da rana a watan azumi bai kamata a yi karawa cikin cikakkun kaya ba.

Ta fuskar kuɗi, kayan sun kasu biyu. Rigar shanye bugu, da makarin gwiwa da na damtse, da garkuwa, masu sana'ar yankin za su iya yin su. Ƙasar auduga ce, daga Daudawa ta Faskari har Funtuwa, ga maɗinka da dukawa da masu katifa, ga fasahar ɗinkin lifidi ba ta ɓace ba. Gajeren lifidi mai tsayawa a cinya, mai ɗagaggen wuya, wanda aka buɗe wa hammata da baya don iska, zai yi aiki a wasan sanda, kuma zai riƙe kamannin gado. Cibiyar nazarin fata da ke Samaru, Zariya, da sashen nazarin saƙa na Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, su ne wuraren da ya kamata a kai samfuri a auna, a fito da kaurin da za a rubuta cikin ƙa'ida.

Ragar fuska kuwa ba ta cikin wannan rukuni. Ragar taga ko ta kaji da mai walda ya lanƙwasa ba ta da kaurin waya da ƙanƙantar ido da ake bukata, kuma wurin da aka yi walda nan ne yake fara ɓallewa. Hular kwano ta masu babur ma ba ta wadatar ba: an ƙera ta don faɗuwa ɗaya a kan titi, gilashinta roba ne da ke ɗagewa, ƙasan haɓa kuma a buɗe yake, daidai inda tsinin sanda ke zamewa ya shiga. A nan ba a yin arha. Ƙungiya ta sayi ingantattun raguna biyu ko huɗu a riƙa karɓa-karɓa ana tsabtace su, ya fi kowa ya sa na jabu. Nisan asibiti ya ƙara wa wannan nauyi. Mummunan raunin kai ko ido daga ƙauyen Sabuwa sai ya bi ta Funtuwa, wataƙila har asibitin koyarwa na Shika, a hanyoyin da ba kullum ake iya bin su da dare ba.

5.0 Tsarin Ƙa'idar da Nazarin Ya Nuna

Makami ne ke yanke irin kariyar da za a sa, don haka ƙa'idar ta hau mataki uku. A matakin farko, na yara da sababbin shiga, makamin kara ne ko bututun roba da aka naɗe da soso, kariyar kuma ragar fuska da safar hannu mai kauri. Ko a nan ba a sassauta batun fuska ba, domin kara ma yana tsone ido.

A mataki na biyu makamin tsagaggiyar gora ce da aka ɗaure aka rufe kanta da fata. Busasshiyar sandar makiyayi mai gauɗa ba ta shiga, nauyinta ya wuce abin da raga za ta shanye, kuma ko raga ba ta lotsa ba girgizar tana isa ƙwaƙwalwa. Kariyar ita ce raga mai haɓa, makarin ƙeya, makarin maƙogwaro mai tauri, gajeren lifidi, safar hannu mai ɓawo, da makarin gwiwa da na gaba. Suka da tsini haram ne a wannan mataki, haka bugun ƙeya da gadon baya da mutumin da ya faɗi. Wannan shi ne matakin da ya dace da halin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a yanzu, kuma a kansa ya kamata a tsaya na tsawon lokaci.

Mataki na uku, na takobin ƙarfe dakusasshe mai lanƙwasa, yana bukatar tufa mai tabbatacciyar juriyar huda da raga ta mataki na biyu a ma'aunin EN 13567, waɗanda sai an shigo da su. Takobin maƙera da aka goge wa kaifi ba ya zama takobin horo, domin ba ya lanƙwasa, idan kuma ya karye guntunsa mashi ne. Takobi mai kaifi wurinsa nunin mutum ɗaya, da tazara tsakaninsa da 'yan kallo, kamar yadda ake yi a hawa. Duk wanda ya sha bugu a ka ya ga jiri ko ya yi amai ko ya rikice, ya bar fage a ranar, ko da ya ce ya warware.

Saura mai duba. Ya zama mutum daban da mai shirya wasa da masu gidan 'yan wasa, domin waɗannan suna da riba a ci gaban karawa. Tsarin da ya dace da yankin shi ne sarkin wasa da hakimi ya amince da shi, tare da ma'aikacin lafiya, da rajistar sunayen 'yan wasa da adadin makaman horo da za a ba ofishin 'yan sanda kwafinta, makaman kuma su kwana a ma'ajiya ɗaya. Mai duba ya shafa kowace gora ya nemi tsaga, ya ja ɗinkin haɓa, ya danna raga da tsinken kilo 12. A ƙa'idar FIE, ragar da ta faɗi gwaji akan lalata ta yadda kowa zai ga ba za ta sake shiga wasa ba. A nan ma ya kamata a yanke haɓarta a lotsa ta a gaban mai ita, domin in an bar ta da kyan gani za ta koma kasuwa ko ta faɗa hannun ƙanensa.